Taki: abin da buhu ke bar wa gona bayan shekara ashirin

Da zarar watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa gabas, hira guda ce a rumfunan kasuwar Maraɗi da ofisoshin Damagaram da Tawa: nawa buhun taki bana, kuma wajen wa ake samunsa. Alhajin da ya sayi gona a kan hanyar Dakoro da ma'aikacin da ya gaji eka uku a ƙauyensu, lissafinsu ɗaya ne: buhu nawa za a zuba, dami nawa za a ɗaure da kaka. Wannan lissafin damina guda ne. Akwai wani wanda ba a cika zama a yi shi ba, wato abin da ke samun ita ƙasar idan aka shekara goma ko ashirin ana ba ta taki iri ɗaya. Ga wanda ya zuba dukiyarsa a gona da niyyar ya bar wa ƴaƴansa, na biyun nan shi ne babba. Kuma ba sai an je wajen mai duba ba kafin a san amsarsa, domin akwai gonakin gwaji da masana suka yi shekara da shekaru suna nomawa suna aunawa, a Sadore kusa da Yamai, a Burkina Faso, a Zariya, har da wata a Ingila da ta haura shekara 180.

Uwar kuɗi da riba

Manyan abincin shuka uku ne, su ne lambobin nan uku da ake bugawa a jikin buhu: azot, fosfor da potas. Azot shi ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi kauri, zangarniya ta cika. In ya yi ƙaranci sai ka ga ganyen gindi ya koɗe, hatsi ya tsaya gajere, ƙuduji ya samu ƙofa. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa azot ne, amma hatsi da dawa da masara ba su da hanyar ɗibarsa daga sama. Sai abin da saiwa ta tarar a ƙasa.

A cikin ƙasar ma ba a sake yake ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa a ɗaure yake cikin ruɓaɓɓen abu, wato sauran saiwoyi da ganye da kara da kashin bisashe da suka ruɓe suka gauraya da ƙasa har suka sa ta yi duhu. Da ruwan farko ya sauka, ƙananan halittun da ido ba ya gani sai su farka su shiga cin wannan ruɓaɓɓen abu, suna sakin azot kaɗan-kaɗan. Yana cikin dalilan da suka sa shukar farko kan fi ta baya kyau: ita ke cin abin da aka fara saki tun ruwa bai gangara da shi ba.

Ɗan kasuwa zai riga kowa gane wannan magana. Ruɓaɓɓen abu shi ne uwar kuɗi, abin da ke fita kowace damina shi ne riba. Bari mu sa lamba. Idan aka kankare saman eka guda, wato mita 100 kan mita 100, zurfin santimetir 20, ƙasar za ta yi nauyin ton 3000 ko kusa da haka. A jigawa irin ta Sadore, wadda kusan dukanta rairayi ce, azot bai cika wuce giram 2 cikin kilo 10 na ƙasa ba. Ke nan jarin eka gaba ɗaya wajen kilo 600 ne, abin da yake saki a shekara kuwa ɗan kaɗan ne daga ciki, a ce kilo 20. Ton guda na tsabar hatsi yana fita gona da kilo 17 zuwa 20 na azot, karan da ya ɗauki tsabar kuma yana riƙe da kusan wani kamar haka. Wanda ya kwashe tsaba, ya kwashe kara, bai mayar da kome ba, ya cinye riba ya shiga uwar kuɗi.

A shekarar 1990 wasu masana biyu ƴan ƙasar Holan, Stoorvogel da Smaling, suka yi wa hukumar FAO irin wannan lissafi a kan ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Suka tarar a tsaka-tsaki kowace eka tana asarar kilo 22 na azot a shekara. An yi ta gardama a kan lambar, domin lissafin ƙasa sukutum ba ya ganin bambancin gonar bayan gida da gonar daji. Amma ba a samu wanda ya ce sikelin ya rinjaya wajen riba ba.

Kakanninmu suna da maganin abin: in gona ta gaji a bar ta saura shekaru, ciyawa da sabara su mayar mata da jarinta. Ƙidayar 1988 ta samu ƴan Nijar miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 ta samu miliyan 17. A kudancin jihohin Maraɗi da Damagaram, gona ta haɗu da gona, saura ta zama labarin tsofaffi.

Abin da gonakin gwaji suka nuna

Mafi tsufa ita ce ta Rothamsted a Ingila, inda Lawes da Gilbert suka fara shuka alkama a 1843 a fili guda da suka yayyanka. Wani yanki ba a taɓa ba shi kome ba, wani takin zamani, wani kuma ton 35 na takin shanu kowace shekara ga eka. Har yau ana shuka filin. Wajen tsaba, takin zamani ya yi kafaɗa da kafaɗa da takin shanu. Wajen abin da ya taru a ƙasa kuwa, nesa ta zo: azot na yankin takin shanu ya ninka na yankin da ba a ba kome fiye da sau biyu, na yankin takin zamani kuwa da ƙyar ya ɗara shi. Sai dai a kula, ƙasar Ingila laka ce mai sanyi, ruɓaɓɓen abu yana daɗewa a cikinta, kuma suna zuba mata farar ƙasa don kashe tsami. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan gata.

Wadda ta fi kama da tamu ita ce ta Sariya, kusa da Kudugu a Burkina Faso, da aka buɗe a 1960 ana noman dawa. A shekarun farko yankunan takin zamani zalla suka yi abin kallo. Da tafiya ta yi nisa sai amfaninsu ya fara ja da baya, alhali ba a rage musu ko awo guda ba. Da aka auna ƙasar aka tarar ruɓaɓɓen abu ya ragu, tsami ya hau, alminiyom da ke kwance a cikinta ba ya cutar kowa ya narke ya shiga ƙone bakin saiwa. Yankunan da aka haɗa wa takin zamani da na shanu su ne suka tsaya da ƙafafunsu. An gwada awo biyu, ton 5 da ton 40 ga eka kowace shekara biyu. Ƙaramin ya taimaki amfani, ya rage gudun zubewar. Babban ne ya riƙe jarin ƙasa sosai. Ton 40 kuwa, kowa ya san ba awon talaka ba ne. Christian Pieri ya tattara sakamakon wannan gwaji da ire-irensa a littafinsa na 1989 a kan albarkar ƙasashen savan, wanda injiniyoyinmu na noma da yawa suka yi karatu da shi.

A Samaru ta Zariya ma akwai irin wannan fili tun 1950. Da aka auna shi bayan shekara 45, yankunan da suka sha kashin shanu su ne ƙasarsu ta fi kusa da ta dajin da ba a taɓa nomawa ba.

Sai mu dawo gida. A Sadore, tashar cibiyar ICRISAT da ke wajen kilometir 45 kudu da Yamai, André Bationo, masanin ƙasa ɗan Burkina Faso, da abokan aikinsa suka fara wani gwaji na hatsi a 1983. Yanki huɗu ne: ba kome, kara kaɗai da aka mayar aka shimfiɗa, takin zamani kaɗai, sai kara da taki tare. Yankin da ba a ba kome ya fara da ƙasa da kilo 300 ga eka, a shekara ta huɗu bai kai kilo 100 ba. A wannan shekarar, kara kaɗai da taki kaɗai kowanensu ya ba da abin da bai kai ton guda ba, haɗinsu kuwa ya kai ton ɗaya da rabi. Mai karatu ya lura da abu guda: karan da muke gani kamar shara, bayan ƴan shekaru ya kusa kamo buhun da aka saya da kuɗi. Ba don yana da azot mai yawa ba ne. Yana tare ƙurar hunturu, yana rage zafin ƙasa, yana jawo gara ta huda ta ruwa ya shiga, yana kuma sassauta tsami har saiwa ta iya kai ga fosfor. Bationo ya samu kyautar abinci ta Afirka a 2020, kuma babban rabo na aikin da ya kai shi ga wannan daraja a rairayin Nijar aka yi shi.

Ina azot ɗin buhu ke tafiya?

Buhun ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot, buhun 15-15-15 kuma kilo 7 da rabi. Wannan azot a sake yake, shi ya sa kwana kaɗan bayan an zuba gona ke canza launi. Amma abin da ke a sake ba ya zama. Gwaje-gwajen da aka yi a Nijar cikin shekarun 1980 da taki mai alama, wanda ake iya bin sawunsa, sun nuna hatsi bai cika ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ba shi ba, kuma abin da ya ɓace ɗungum kan kai rabi a wasu lokuta. Ure da aka watsa a kan ƙasa mai zafi ba a rufe ba, iska ke shan rabonta. Wanda ya narke, in ruwa mai ƙarfi ya zo, sai ya zarce ƙasa inda saiwa ba ta kai, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba: yana jan kalsiyom da magneziyom, waɗanda su ne ke tsare ƙasa daga tsami. Rairayi ba shi da hannun riƙe abu. Laka ke riƙewa, ko ruɓaɓɓen abu, jigawa kuwa ba ta da laka.

Nan ne asalin maganar da manoma ke yi cewa takin zamani yana kashe gona, wai in ka saba mata da shi ranar da ka rasa ba za ta ba ka kome ba. Masu ilimin boko kan yi wa maganar dariya, amma akwai gaskiya a cikinta, sai dai an ɗora laifin a kan wanda ba shi kaɗai ya yi ba. Taki yana sa shuka ta girma, shukar da ta girma tana cin kome da kome fiye da da, mai gona kuma ya kwashe duka ya kai gari. Da an mayar da karan da takin ya haifar, da shi kansa takin ya zama hanyar tara jari, domin ya ƙara saiwa ya ƙara kara. Akwai kuma kuskuren da ya yi yawa a wajen masu sayen ure kaɗai don shi ya fi nuna aiki a ido: a jigawarmu fosfor ne ya fi ƙaranci, kuma sai an toshe wannan rami azot ke yin cikakken aikinsa.

Dabarar nan ta ɗan taki a ramin shuka, wadda ICRISAT da INRAN suka gwada, shirin kayan noma na FAO kuma ya yaɗa ta tun ƙarshen shekarun 1990 tare da shagunan taki na ƙauye da ajiyar hatsi a karɓi bashi, ta ceci gidaje da yawa. Giram 6 na 15-15-15 a kowane rami, ko giram 2 na DAP. Talaka na iya saye, amfani kuma yana ƙaruwa a fili. Amma a yi mata lissafin da muka yi a sama. Rami 10.000 a eka, giram 6 kowane, kilo 60 ke nan, wato kilo 9 na azot. Da DAP bai kai kilo 4 ba. Idan gonar ta ba da kilo 800 na tsaba, abin da ya fita a tsabar kaɗai ya wuce abin da aka zuba, ba a ma zo kan kara ba. Ragowar daga uwar kuɗi ya fito. Masanan da suka ƙirƙiro dabarar su da kansu suna cewa a haɗa ta da ɗan takin gargajiya a ramin, kuma matakin farko ce. Masu yaɗa ta ne wani lokaci kan manta da rabin saƙon.

Ina za a samo takin gargajiya?

Faɗin a haɗa biyun ba shi da wuya. Wuyar tana wajen samu. Ton guda na busasshen kashin shanu bai cika wuce kilo 10 zuwa 15 na azot ba, ke nan sai an yi wajen ton 2 kafin a kamo buhun ure guda, ga kuɗin amalanke. Kuma saniya ba ta ƙirƙirar azot: abin da ta ci a makiyaya shi take kawowa gona. In makiyayar ta zama gona, rijiyar ta ƙafe. A ƙasa mai zafi irin tamu takin ba ya daɗewa kamar a Ingila. Shekara biyu ko uku ƙarfinsa ya wuce, sai an sake.

Tsohuwar yarjejeniyar manomi da Bafulatani, a kwantar da shanu a gona da rani a ba makiyayi hatsi da ruwan rijiya, tana da hikimar da awo ya tabbatar. Babban rabo na azot ɗin da dabba ke fitarwa a fitsari yake, kuma fitsari ba ya hawa amalanke. Gonar da shanu suka kwana a kanta ta fi wadda aka kai wa busasshen kashi daga gida. Sai dai binciken da aka yi a Sadore ya nuna in aka tara taki da yawa wuri guda a kan rairayi, ruwa na wanke azot mai yawa ya tafi a banza. Gara a riƙa matsa mashekari kowane ƴan kwanaki a game gonar da a bar shi gindin bishiya guda duk rani. Yau wannan yarjejeniya ta yi rauni a wurare da yawa, tun da kara ya zama kuɗi, manomi ya daina barinsa, burtali ya ƙuntata, rigima ta maye gurbin ciniki. Duk wanda ke shari'ar manoma da makiyaya ya san farashin abin a rayuka. Farashinsa a ƙasa ba a rubuta shi a kowane rahoto.

A nan maganar ta iso ƙofar masu karanta wannan shafi. Amalanken kara da harawa da ke shigowa Maraɗi da Damagaram kowace safiya da rani, ina suke zuwa? Gidajenmu, wajen ragunan layya da shanun turka. Azot ɗin ƙauye ke nan yake ƙaura zuwa birni, ya ƙare a juji ko a lambatu. Manoman kewayen Kano sun daɗe da gane wannan. Tun zamanin jakuna suke shiga birni da itace da kayan gona su fito da taki da toka da shara, kuma masu bincike irin su Michael Mortimore sun nuna yadda wannan kai da kawo, tare da kiwon awaki a gida da shuka wake, ya riƙe gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, a wurin da mutane suka fi yawa. A kewayen Maraɗi ma ana yi, sai dai sharar yau cike take da leda da batir, wanda zai kai ta gona sai ya tsaya ya tsince. Ma'aikacin da ke da tumaki biyar a gida da gona a ƙauye, in motar da ta kawo masa harawa ta koma wayam, shi ya yi asara.

Manyan hanyoyi biyu ne ke shigo da sabon azot gona ba tare da buhu ko garke ba. Wake da gujiya suna da ƙananan ƙulli a saiwarsu inda wasu halittu ke kamo shi daga iska, kuma gwaje-gwaje a Nijar sun nuna hatsin da ya biyo bayan wake ya fi wanda ya biyo bayan hatsi. Amma in aka tumɓuke harawar duka aka sayar, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Ta biyu ita ce gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, ba ta yi wa shuka inuwa, bisashe kuma su taru a gindinta su bar taki. Wanda ya bi hanyar Mirya, Matamai da Magarya ya ga yadda hatsi ke fin tsawo a ƙarƙashinta. Sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona a gyara shi, wanda ya yaɗu daga jihar Maraɗi tun 1984, an ƙiyasta ya kai eka miliyan 5 a ƙasar nan. Ba a shigo da ko buhu ɗaya ta tashar jirgin ruwa ba don a yi shi.

Siyasar buhu

Tarihin taki a Nijar tarihin farashi ne. Shekaru da dama manoman kudu sun dogara da taki mai rangwame da ke tsallako iyaka daga Najeriya. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga awon taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 ga eka kafin 2015. Wa'adin ya wuce, mafi yawan ƙasashe ba su kai ba, Nijar kuwa tana cikin na can baya. A 2022 yaƙin Ukren ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo, a shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar ure ta Dangote a Legas. Da aka sake taro a Nairobi a watan Mayu na 2024, sai aka ƙara kalma a sunan taron: taki da lafiyar ƙasa. An ɗauki shekara 18 kafin a rubuta abin da filin Sariya ya nuna tun kafin a haifi wasu daga cikin mahalarta.

Kada wani ya fahimci wannan a matsayin kira a bar takin zamani. Gonar da ba ta samun ko kilo 10 a eka ba yawan taki ne ciwonta ba, kuma babu garken da zai ishi dukan gonakin ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne ma'aunin da ake auna nasara da shi. Rahoton ƙarshen damina yana faɗin ton nawa aka raba, ba ya faɗin ko ƙasar Gazawa ko ta Kance ta fi bara tsami. INRAN, da aka kafa a 1975, tana da ɗakin auna ƙasa a Yamai da tashar Tarna a bakin Maraɗi, amma ƴan kasuwa nawa ne cikin masu gonakin eka hamsin suka taɓa kai ko tiya guda ta ƙasarsu a duba musu? Ga kuma dutsen fosfat na jihar Tawa, wanda aka gwada a gonakin hatsi tun shekarun 1980 aka ga yana narkewa a hankali a ƙasa mai tsami, yana aiki shekaru bayan an zuba shi. Garinsa ne ke ba manomi wahala, iska na kwashe shi tun bai taɓa ƙasa ba. Masu gwaji sun samu sauƙin abin ta hanyar cuɗa shi da takin gida a rami tun da rani, a kai su gona tare kafin ruwan shuka.